Tukuicin Injin Iska

Ban taɓa sanin yayana ba tare da fuka ba. Tun muna yara a ɗakin innarmu nake jin ƙirjinsa yana wani siririn fito in damina ta kama, kamar butar shayi ta fara tafasa. Da ya girma, ciwon ya girma tare da shi. Bai hana shi noma ba, bai hana shi kiwon raguna ba, bai kuma hana shi tsokanata ba. Ni na yi lakol, wato makarantar boko, na zama malama, na koyar a garinmu, wani ƙauye da ke can ciki tsakanin Cadawa da Agiye, har na ajiye alli. Shi ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Madam yake ce mini, yadda ƴan lakol ke ce mini, sai dai shi yakan ja kalmar don in ji haushi, kuma ina ji.

A shekarar korona ba mu ga gawa a titi ba, irin wadda rediyo ke cewa ana gani a ƙasashen Turawa. Abin da muka gani shi ne an rufe lakol, an raba sahu a masallaci, an toshe hanyar Najeriya, hatsi ya hau. Aka kawo mana bokitai masu famfo don wankin hannu, a garin da mace ke jan guga har tafin hannunta ya tsage kafin ta cika tulu. Allurar rigakafin ma sai da masu ita suka ƙoshi sannan ta iso mana. Duk wannan lokacin Yaya yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa, yana jin yadda duniya ta tashi tsaye a kan mutanen da numfashi ke yi wa wuya.

"Madam," ya ce mini wata rana, "ke da kike jin yarensu, ki tambayar mini su. Ni da nake neman numfashi tun kafin a haifi korona, me suka tanadar mini?"

Na ce masa takunkumi suka tanadar masa, ya rufe bakin ya huta da surutu.

Da cutar ta lafa, sai taro ya tashi. Kullum rediyo na cewa manyan duniya sun zauna a birni kaza, sun ce sun yi karatun ta-natsu, ba za a sake kama su a shashance ba, ƙasashe za su haɗa hannu, mai shi zai tallafi marar shi, har ƙaramin gidan likita na ƙauye sai an kai masa iskar numfashi. Ni tsaki nake yi, don na ga furoje iri-iri, wato ayyukan masu ba da taimako, sun zo da farar mota sun tafi sun bar allo a bakin hanya. Yaya kuwa ƙara murya yake yi, ya kara rediyon a kunne.

Sai ga shi abin ya zo. Gidan likitarmu ɗakuna uku ne da baranda, da fanon hasken rana a kan rufi mai ba firigon allurai wuta. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, yaro ne da na koya wa karatu da hannuna, na sha murɗa masa kunne a kan lissafi. Shi ya zo ya gaya wa maigari cewa abokan arziki daga waje za su kawo inji mai tace iska ya ba marar lafiya ta hanci, kuma garinmu na cikin waɗanda aka zaɓa. Ranar Yaya bai iya cin tuwo ba don murna.

Maigari ya tara dattawa a kan maganar tukuici. Kowa ya san ba a kawo maka kyauta har gida ka sallami manzo hannu rabbana. Wani ya ce kaji, wani ya ce buhun gyaɗa, wani ya ce tabarmi. Yaya ya miƙe ya ce shi zai ba da ragonsa.

Ragon nan sai wanda ya gan shi. Uda ne, gabansa baƙi bayansa fari, Yaya ya turke shi tun yana ɗan tunkiya, yana ba shi harawa da dusa da kanwa, yana yi masa wanka da sabulu. Na layya ne. Matarsa ta yi magana, ya share ta. Ni ma na je na same shi a bakin turken.

"Yaya, mutanen nan ba su san tukuici ba. Ka ba su kaza ma ba za su bambance ba."

"In ba su sani ba, mu mun sani," ya ce. "Duk garin nan wa ya fi ni buƙatar abin nan? Kina so a ce an kawo mini numfashi har ƙofar gida, na sallami manzo da kaji?"

Na ce masa taurin kansa ya fi na ragon. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ranar da suka zo an kafa rumfa, an jera kujerun lakol, makaɗa suna ta yi. Fararen motoci suka shigo, wata Baturiya ta sauko da mutanen birni masu manyan riguna, aka sauke wani akwatin katako aka ajiye a tsakiyar fili. Baturiyar ta yi dogon jawabi da Faransanci. Ni ina can ɓangaren mata, tsakanin guɗa da kukan jarirai, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Da ta gama, tafinta ya karɓi lasifika ya dunƙule duk abin da ta faɗa ya ce: "Ta ce sun kawo muku injin iska kyauta. Naku ne, ku riƙe shi da kyau." Wuri ya ɗauki tafi.

Yaya ya jawo ragon da kansa, cikin farar rigarsa ta Juma'a, yana tafe yana tsayawa ya ja numfashi. Tafinta ya yi wa Baturiyar raɗa, ta dafa ƙirji, ta shafa ƙahon ragon tana dariya, aka ɗauke su hoto ita da Yaya da rago. Suka karɓa. Da idona na ga an ɗaure shi a bayan mota, ya tafi yana kuka. A wajenmu magana ta ƙare ke nan. An ba da kyauta a gaban jama'a, an ba da tukuici, an karɓa, babu sauran wani abu tsakanin mai bayarwa da kayan. A shekarar Yaya bai yi layya ba, daga gidana aka kai musu nama, kuma ko a jikinsa.

Aka shigar da akwatin ɗakin ajiya, da wani jan tef a manne a bakinsa, aka kulle. Majo ya ce mai haɗa injin yana nan tafe, shi zai yanke tef ɗin, ya kunna, ya koya musu. Yaya ya mai da gidan likita hanyarsa ta zuwa gona, alhali ba hanyar ba ce. Ya leƙa ta taga, ya ga akwatin, ya ce wa majo, "Ya injina, ya kwana lafiya?" Har mutanen gari suka riƙa ce wa abin injin mai fuka.

Kaka ta wuce, rani ya shigo, mai haɗa inji bai zo ba. Ana nan sai manyan ƙasarmu da manyan masu ba da injin suka ɓata. Ba zan shiga maganar wa ke da gaskiya ba, don babu wanda ya tambaye mu kafin su shirya, babu wanda ya tambaye mu kafin su ɓata. Mun dai ji an rufe iyakoki, an dakatar da taimako, fararen motoci sun daina wucewa. Ni a zatona wannan bai shafi akwatin da ke kulle a garinmu ba, tunda ya riga ya zama namu.

Da na gaji na je na tsare majo a barandarsa. Na ce masa ko dai ya buɗe abin nan ya gwada, ko ya gaya mini abin da yake ɓoyewa. Ya sunkuyar da kai kamar ranar da bai yi aikin gida ba.

"Madam, ba namu ba ne tukuna."

"Kamar yaya ba namu ba ne? Ina wurin aka ce kyauta."

"Tafinta ne ya ce kyauta. Ita cewa ta yi sun ajiye mana shi a hannu. Ajiya ce, sai mutuminsu ya zo ya haɗa, an sa hannu, sannan ya zama namu."

Ya yi mini bayani. Wata ƙasa ce ta ba da kuɗin, wata ƙungiya ta sayi injin, wani kamfani a wata ƙasar daban shi ke da mai haɗawa, kuma kowa yana jiran ɗan'uwansa ya motsa. Yanzu da aka ɓata, duk sun tsaya cik. In shi majo ya yanke jan tef ɗin nan da hannunsa, an ce alhakin injin ya koma wuyansa, kuma aikinsa na iya tafiya. Yana da mata da ƴaƴa da tsohuwa.

"To ragon fa?" na ce.

Ya ce, "Ragon ba ya cikin maganarsu, Madam."

Na koma gida na zayyana wa Yaya komai, ban rage ba. Na zaci zai yi fushi. Sai ya kaɗa kai yana murmushi, irin na wanda ƙanwarsa ta faɗi shirme.

"Duk karatunki ba ki san wannan ba? Wanda ya karɓi tukuici ya ba da kaya. Ko gaban alƙali aka je haka ne. Sun makara ne kawai, mutane ne masu hidima da yawa."

Har ya bar duniya bai yarda cewa akwai mutumin da zai ci tukuici a kan ajiya ba. Ni kuwa na sa lulluɓina na shiga mota na bi buro-buro, ofis bayan ofis. Ko'ina a ba ni kujera, a kira ni Madam, a ce maganata gaskiya ce, amma sai na gaba ya ba da izini, na gaban kuma yana jiran na gabansa, na can ƙarshen yana wata ƙasa da ba a ga maciji da ita yanzu. Na dawo da ciwon ƙafa da baƙin ciki.

Damina ta sake kamawa, mai ruwa sosai. Yaya ya kwana biyu da zazzaɓi da tari, yana cewa sanyi ne. Wata safiya matarsa ta aiko a kira ni. Na tarar da shi zaune ya dafe gwiwoyi, wuyansa yana lotsawa duk in ya ja iska, ba ya iya haɗa kalma biyu. Fiton ƙirjin nan da na saba ji tun ƙuruciya ma ya yi ƙasa, kuma wannan ya fi tsorata ni. Muka ɗora shi a amalanken shanu muka kai shi gidan likita da hantsi.

Majo bai yi wasa ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ya yi masa allura, ya ba shi abin shaƙa, ya jingine shi da matasai. Ya dubi leɓunansa da suka fara yin toka-toka ya ce iska yake buƙata, a kai shi Agiye. Aka kira motar asibiti, aka ce ruwa ya yanke hanyar jar ƙasa, ko babur ba ya ƙetarewa. Gadon da Yaya ke kai yana jingine da bango, bayan bangon kuma ɗakin ajiya ne. Tsakanin kansa da akwatin bai fi kamu biyu ba.

Na ce wa majo ya ba ni mabuɗi. Ya ce in yi haƙuri ya kira na sama da shi. Ya fita tsakar gida yana ɗaga salula yana neman layi. Ya samu wani, ya ce ba huruminsa ba ne, ya ba shi lambar wani. Wancan yana cikin taro. Na ukun ya ce shi dai bai ce a buɗe ba, bai kuma ce kar a buɗe ba. Ina tsaye a baranda ina jin rabin maganar, ina jin Yaya ta taga. Na faɗa wa yaron nan maganganu ranar. Na ce masa da na san abin da zai yi da karatun ke nan da na bar shi ya bi awaki. Hawaye ne kawai ke zubo masa, salula na kunne.

Na koma wajen Yaya. Ya kama hannuna, ya nuna bangon da haɓa. Da ƙyar na ji abin da ya ce.

"Madam. Nawa ne."

Na ce masa naka ne, Yaya, yanzu za a kawo.

An kira azahar, sai na ji ƙarar salula ta bugi siminti. Majo ya wuce ni da sauri, ya buɗe ɗakin ajiya, ya sa almakashin ɗinkin rauni ya yanke jan tef ɗin. Ni da shi muka ɓamɓare katakon, muka jawo injin daga cikin leda. Ɗan abu ne, bai fi ƙaramin firigo ba, da ƙafafun taya. Littafin da ke ciki da wani yare aka rubuta shi, ba ni ba shi ba mai iya karantawa. Majo ya jefar da littafin, ya zuba ruwa a ƴar kwalbar da ke jiki yadda hoto ya nuna, ya jona tiyo, ya soka waya a bango, ya danna maɓalli ɗaya da ke gaba. Fitila ta kama. Injin ya fara gurnani a hankali, ruwan kwalbar ya fara ɓulɓula.

Shi ke nan aikin. Abin da muka shekara muna jiran wani ya hau jirgi ya zo ya yi mana ke nan.

Muna turo shi ta ƙofa na ji matar Yaya ta fara salati. Majo ya ruga, ya sa masa tiyon a hanci, ya danna ƙirjinsa, ya yi duk abin da aka koya masa. Daga baya ya zare tiyon ya ajiye a gefen gado, ya ja mayafi. Ba wanda ya tuna ya kashe injin. Na ɗauki bakin tiyon na kara a tafin hannuna, na ji iskar tana fitowa, sanyi-sanyi, ba ta yankewa.

Ni musulma ce, na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Masu zuwa gaisuwa sun faɗa mini, na amsa, kuma na yarda. Majo ma ya ce mai yiwuwa ko da an sa masa tun da hantsi ba zai tashi ba. Mai yiwuwa. Amma ba a sa masa ba, kuma ba ƙaddara ce ta manna jan tef ɗin nan ba, mutane ne masu albashi suka manna shi, suka koma ƙasashensu suna taro a kan yadda za a ceci irinmu. Ban yafe ba. Na yi ƙoƙari a kan sallaya, abin ya ƙi.

Tunda an riga an buɗe, majo ya ci gaba da aiki da injin. A cikin daminar nan aka kawo wata jaririya ta rugar Fulani, haƙarƙarinta yana shiga yana fita, ya sa mata, ta tashi. Uwar ta kawo masa ƙwaryar nono. Na ji daɗi, na kuma koma ɗaki na yi kuka. Da hanya ta bushe sai masu bincike suka zo, suka ga an yanke tef ba da izini ba. Aka mai da injin ɗakin ajiya aka ce sai an tantance lafiyarsa, aka ɗauke majo aka jefa shi wani gari can nesa. Ya zo yi mini sallama ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Na so in janye maganar awakin nan, bakina ya yi nauyi, sai kawai na sa masa albarka.

Bana aka ce an samu sababbin abokan arziki, daga wata nahiyar. Sun gaji kayan furojen da ya mutu, za su zo su miƙa mana injin a hukumance. Injin nan dai, wanda na ɓamɓare akwatinsa da farcena. An goge shi, an ɓare tambarin waɗancan an manna nasu. Rediyo ta ce wannan alama ce ta sabon zumunci tsakanin ƙasashe a fannin lafiya.

Ana gobe za su zo, ina gidan Yaya ni da matarsa muna ɓarar gyaɗa a inuwar da turken ragon yake, har yanzu ba a tuge shi ba. Sai manzon maigari ya yi sallama, wani dattijo abokin Yaya, wanda da shi aka wanke gawarsa. Ya gaishe mu, ya yi ta juya hularsa a hannu.

"Madam, maigari ya ce kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa. Na tukuicin baƙi."

Matar Yaya ta tsayar da hannunta a cikin ƙwarya. Ni ban ɗago ba.

"Ka gaida maigari," na ce. "Ka ce masa gidan nan ya riga ya bayar. Mun ba da rago, mun ba da mai ragon."

Ya ɗan tsaya, ya dubi turken, ya mai da hularsa ya fita. Washegari muna jin kiɗa da guɗa daga gidan likita, muka ci gaba da ɓarar gyaɗarmu.